Rumfar da gishirin teku ya cinye mini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata asara da na tafka da hannuna, ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa. Maganar rumfa ce, irin mai yadi da hannuwan ƙarfe, mai buɗewa da naɗewa, wadda ake kafawa a jikin bango ta rufe baranda ko farfajiyar gida, musamman ga wanda gidansa ke kusa da teku.

Shekara bakwai ke nan da aiki ya kai ni zama a bakin teku. Daga ƙofar gidana zuwa ruwa tafiyar minti shida ce a ƙafa. Barandarmu tana kallon yamma, saboda haka da zarar rana ta karkata ba mai iya zama a wurin, har falo zafin yake shiga. Maiɗakina ta yi ta magana har na gaji, na kira masu aikin rumfa mutum uku. Kowa ya auna, mita 4 a mita 3, kowa ya faɗi kuɗinsa. Na ƙarshensu ya nemi kusan ninki biyu na abin da na farko ya ce. Na dubi hotunan ayyukansu, a idona duk ɗaya ne, sai na ce a raina wannan mai tsadar ya ga baƙo ne yana son ya yanke ni. Na ba mai araha aikin.

Wata takwas ba su cika ba na fara ganin jan layi yana gangarowa a jikin farin bango daga kan kowace kusa, kamar hawaye. Na goge, ya dawo. A shekara ta biyu yadin ya kode, ɗinkinsa ya fara warwarewa, baƙar fumfuna ta kama gefen da ba ya samun rana. Sai wata ranar Talata da yamma, ba ma gida, iska ta taso. Muka dawo muka tarar ta tumɓuke hannu ɗaya na rumfar tare da guntun bulo, ƙarfen ya daki tagar falo ya farfasa gilashi. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin.

Da na koma wajen mai tsadar nan, kunya ta ishe ni, amma bai yi mini dariya ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kusoshin da suka faɗo, ya murza shi da yatsa, tsatsa ta zubo kamar gari. Daga ranar na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in fitar da ko kwabo.

Abin da ban gane ba da farko shi ne, a bakin teku ba ruwan sama ne babban abokin gāban ƙarfe ba. Duk lokacin da igiyar ruwa ta fashe, ƙananan ɗigon ruwan gishiri suna tashi, iska ta kwaso su ta shafa wa duk abin da ta tarar. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Shi kuwa gishiri yana jawo danshi daga iska, don haka ƙarfen yana kwana a jiƙe ko da an yi wata guda ba a ga hadari ba. Abin mamaki ma, saman rumfa da ruwan sama ke dukansa ya fi daɗewa, domin ruwan yana wanke shi. Ƙarƙashinta, inda hannuwa da mahaɗai da kusoshi suke a ɓoye, nan ne gishiri ke taruwa babu mai taɓa shi. Wurin da kake ganin ya fi samun kariya shi ke fara ruɓewa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kowane mai aiki zai ce maka kusoshinsa sitenles ne, ba sa tsatsa. To, sitenles ɗin ma suna suka tara. Akwai mai lamba 304, wanda ake yin tukwane da kwanon wanke-wanke da shi, akwai kuma mai lamba 316, wanda aka ƙara masa wani sinadari mai suna molibdinom, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, don ya jure gishiri. A ido ba ka bambanta su. Maganaɗisu ma ba zai taimake ka ba, don dukansu biyu ba su cika kama shi ba. Amma masu ƙerawa suna buga alama a kan noti da kan kusa: A2 na nufin 304, A4 na nufin 316. Duba wannan alamar ba ya cin minti ɗaya. Ni kuwa nawa na farko ko alamar babu, baƙin ƙarfe ne kawai da aka yi wa shafen tutiya sama-sama.

Akwai wani tarkon kuma da ko masu aikin ba duka suka damu da shi ba. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali kusar sitenles a jikin alminiyom, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya. Alminiyom ɗin ne ke shan kashi. Za ka ga farin gari yana fitowa a kewayen kusar, ramin yana faɗaɗa har ta fara lilo. Maganinsa wosha ce ta roba da ɗan man shafawa da ke raba su. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sai dai suna ƙara wa mai aiki lokaci, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake su.

Jikin rumfar kuwa, alminiyom mai gasasshen fenti na zaɓa a karo na biyu. Wanda ya fi son baƙin ƙarfe saboda ƙarfinsa, ya nemi wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, kuma ya sani duk inda aka yi walda ko aka huda bayan tsomawar, kariyar ta ƙone a nan, sai an bi an shafe.

Sai iska. Rumfa a buɗe ba ta da maraba da filafilan jirgin ruwa. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dukan yadi da shi sau huɗu yake ninkawa. A bakin teku kuma kusan kullum da rana iska na tasowa daga ruwa, saboda tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, wato daidai lokacin da kake son inuwa. Turawa suna da ma'auni mai suna EN 13561 da suke jera rumfuna aji-aji da shi: aji na 2 yana jure iska har wajen kilomita 38 a awa, aji na 3 wajen kilomita 49. Wannan fa ba guguwa ba ce, iska ce mai kaɗa manyan rassan bishiya. Ma'ana, rumfa mai naɗewa, kome tsadarta, ba a yi ta don a bar ta a buɗe a fita unguwa ba. Nan laifina ne, ba na mai aiki ba. Akwai masu inji da na'urar da ke jin iska ta naɗe rumfar da kanta, abu ne mai kyau, amma sau da yawa hadari da ɗaukewar wuta tare suke zuwa. Duk wanda zai sayi mai inji ya tabbatar akwai hannun juyawa na ko-ta-kwana. Ni dai mai hannu zalla na saya, don inji ma wani abu ne da gishiri zai nema.

Bangon da za a kafa ta shi ma abin dubawa ne. Bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan ja. A jikin linta ta kankare aka kafa mini ta biyu, da dogayen kusoshi da aka dasa da gam na musamman. Sannan a ba ta gangare, aƙalla digiri 14, don ruwa ya zube. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama na milimita 20 a kan murabba'in mita 12 lita 240 ne. Ko rubu'insa ne ya taru a tsakiyar yadin, kilo 60 ke nan rataye a kan mutane.

Game da yadi ba zan tsawaita ba. A nemi akirilik wanda aka rina zarensa tun kafin a saƙa, irin na Sunbrella ko Dickson, kuma a tambayi irin zaren ɗinkin, don shi ke riga yadin mutuwa. Kada a naɗe shi a jiƙe a bar shi kwanaki.

To nawa abin ya ci mini? Ba zan kawo adadi ba, don farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ba ya tsayawa. Amma ga yadda lissafina ya kasance. Na biya rumfar farko, na biya kuɗin kwance ta, na biya magini ya cike bango, na sake fenti, na sayi gilashi, sannan na biya ta biyu a farashin da ya ɗara wanda aka faɗa mini shekara biyu baya. Jimilla ya haura ninki uku na abin da na yi murnar biya tun farko. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, ni ban ma samu adon ba balle inuwa. Shawarata, a sa mai aiki ya rubuta komai daki-daki a takarda: irin ƙarfe, lambar kusoshi, sunan yadi, ajin iska, kuɗin hannu. A kuma karanta takardar garanti da kyau, domin kamfanoni da yawa suna rage ta ko su janye ta gaba ɗaya ga gidan da ke dab da teku, kuma da ƙananan baƙaƙe suke rubuta hakan. Mai haya ya nemi yardar mai gida, wanda zai gina rumfa ta dindindin mai ginshiƙai ya tambayi hukumar tsara gine-gine ta garinsa.

Rumfata ta biyu ta shiga shekara ta biyar. Duk bayan mako biyu nakan jawo tiyo in wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo, sau biyu a shekara in bi mahaɗanta da mai. Yarana suna yi mini tsiya wai na fi kula da ita fiye da mota.

Makon jiya maƙwabcina ya kira masu kafa masa tasa. Na ɗauki tocila na tsallaka, na nemi izini na hau tsani na haska kan kusoshin. A2 aka rubuta. Mai aikin ya ce ai duk sitenles ne, Baba. Na ce wa maƙwabcin nawa kada ya biya cikon kuɗin sai an canza su. Guda goma sha shida ne kacal.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga bakin teku