Wasiƙar Zango: 'Yan Aji Biyar Sun Shiga Tarihin Ƙarni na 20

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

A wannan zangon 'yan aji biyar suna karanta tarihin duniya na ƙarni na 20. Mun gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, yanzu muna cikin na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Kafuwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat za su biyo baya.

A taron iyaye da malamai wani uba ya tambaye mu: me ya haɗa ɗansa da faɗan Turawa? Mun ji daɗin tambayar. Lokacin da yaƙin farko ya ɓarke, Kamaru tana hannun Jamus, kuma da sojojin ƙasar nan aka kewaye dutsen Mora da ke arewacin Kamaru har Jamusawan da ke kansa suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Mubi da Gwoza suna cikin rabon Ingila, sai da aka kaɗa ƙuri'a a 1961 yankin ya zaɓi Najeriya. Ranar da aka zana wannan a allo, ajin ya yi tsit, domin akwai masu dangi a can.

A yaƙi na biyu kuwa, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japan a dazukan ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yau), kuma Hausa ce yawancin sojojinmu ke ji a tsakaninsu. Barikin Dalet na Kaduna daga can ya samo sunansa. Makon jiya wata ɗaliba ta zo da lambar yaƙin kakan mahaifinta, a naɗe cikin tsumma a tsohon gwangwanin taba. Igiyarta ta koɗe. Yara suka riƙa miƙa wa juna ita da hannu biyu.

Ga roƙonmu. Kowane ɗalibi zai zauna da wani dattijo ko dattijuwa na gida, ya rubuto shafi biyu na abin da suka gani ko suka ji daga iyayensu: ɗaukar soja, tsadar gishiri da kananzir, ko ranar samun 'yancin kai. Don Allah ku raka su, musamman 'yan mata, ku kuma ja musu kunne su gaida tsoho yadda ya dace kafin su buɗe littafi. Kada a kwafo daga waya. Muna gane wa.

Za a karɓi aikin kafin hutun tsakiyar zango. Wanda ke da tsohon hoto ko takardar sallama ta soja, ya ɗauki hotonta kawai, ainihin ta zauna a gida.

Wassalam,
Sashen Tarihi