Wasiƙa daga Maradi kan karatun ɗiyarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da kuma sanyin Shikago da kake yawan ba ni labari. Mu nan alhamdu lillahi, an girbe hatsi an kai rumbu, hunturu ya fara leƙowa da asuba.

Takardun tallafin karatu na Amurka da ka turo sun iso, Allah Ya saka da alheri. Ni da ɗiyarka ta fari, wato babbar ɗiyata, muka tafi siber, shagon intanet, kusa da babbar kasuwa, muka biya kuɗin awa biyu. Ta zauna da ƙamus a cinya, tana bin sharuɗɗan layi-layi da yatsa, tana juya su zuwa Faransanci a littafinta. Can na ga ta tsaya, ta ja layi biyu ƙarƙashin wata jimla, ta yi shiru. Jimlar tana cewa sai ɗalibin da ya riga ya shiga jami'ar, ya kuma zaɓi sashen nazarin Afirka da 'ya'yanta na ƙetare, zai iya nema. Kusan duk waɗanda sassan ke bayarwa da kansu haka suke: ƙarin guzuri ne ga wanda ya riga ya hau mota, mu kuwa kuɗin motar muke nema.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tallafin FLAS. Asalinsa wata doka ce ta 1958, gwamnatin Amurka ta riƙa biyan ɗalibi don ya koyi harsuna irin su Hausa da Swahili da Yarabanci. Amma sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansa yake gyarawa. Sai dai na yi ta tunanin yarinyar da ta sha Hausa a nono, ga ta zaune a waje. Tallafin Fulbright kuma sai wanda ya gama digiri na farko.

Ka tambaye ni me ya sa ta zaɓi tarihi, ba za ta yi likitanci nan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba, tunda ga ta a gida. Kawunta ma haka ya ce, har da cewa tarihi ba ya cika tukunya. Jami'armu ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da lafiya, kuma ina alfahari da ita. Amma bari in gaya maka yadda abin ya faro.

Shekarar da take ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta same ni ina shirya darasi kan tawayen bayi Musulmi a birnin Salbado na jihar Bahiya, a Barazil, cikin Janairun 1835, ƙarshen watan azumi. Mafi yawansu Yarabawa ne, akwai Hausawa a ciki, kuma tun 1807 Hausawan can suka fara ƙulla nasu tawayen. Na nuna mata hoton layun da aka samu a jikin waɗanda aka kashe, takardu ne da ayoyin Alƙur'ani, har yau suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Bahiya. Ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta ce, "Baba, ai wannan hannun irin na allonmu ne." Tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Na ba ta labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Bajamushe, Barth, har Ingila a 1855, wanda aka rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Na gaya mata zangon Kumasi, da Hausawan Mai Wurno a Sudan.

Yanzu kowace Juma'a da la'asar tana gidan Inna. Tsohuwa na ɓare gyaɗa a faifai, ita kuma ta ajiye waya a kan turmi tana naɗar magana. Ta naɗi kirarin sarakunan Katsina da suka kafa Maradi bayan jihadi, da labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi gari daga bakin gulbi aka hau tudu. Littafi uku ta cika. In Inna ta gaji, sai yarinyar ta karɓi faifan ta ci gaba da ɓarewa har tsohuwa ta huta.

Ka san Emmanuel Grégoire ya rubuta kan alhazan Maradi, Barbara Cooper ta rubuta kan aure a garin nan. Sun yi aiki mai kyau, ina girmama su. Abin da ya kawo su har ƙofar gidajenmu shi ne akwai wanda ya ɗauki nauyin bincikensu. Ina so ko sau ɗaya mai tambayar ta kasance jikar mai ba da amsa.

Ga inda muka tsaya. Ta kai dosiye, wato takardunta, ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, in Allah Ya sa ta samu burs ɗin gwamnati za ta fara tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Yamai ba abin rainawa ba ce: ga cibiyar bincike ta IRSH da tarin littattafan Larabci da Ajami, ga cibiyar CELHTO da aka kafa musamman don tarihin baka. Sai jami'ar Legon a Gana, inda Nkrumah ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka a 1963. Zuciyata ta fi kwantawa da can, ga kusa, ga 'yan uwa a zango. Akwai kuma shirin Gidauniyar Mastercard da aka fara a 2012, mai ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya a jami'o'i irin su Makerere da Cape Town.

Na wajenku ne nake roƙon ka bincika mana. Na karanta cewa Harvard da Yale da Princeton da Amherst suna duba halin iyaye su biya abin da ya gagara, ko da ɗalibi baƙo ne. Na san masu nema kamar ƙasa suke, ga jarrabawar Ingilishi ta TOEFL, ga wahalar biza. Duk da haka wanda bai jefa guga ba ba ya sanin zurfin rijiya. Kuma tunda Jami'ar Northwestern tana kusa da kai, su da suka fara shirin nazarin Afirka tun 1948, don Allah ka daure ka shiga ofishinsu ranar da ba ka aiki. Ka tambaye su ko suna da abin da ya shafi ɗan shekarar farko daga waje, da ranar rufe karɓar takardu.

Ingilishinta ne ke da saura. Tana zuwa darasi da dare sau uku a mako, a kabu-kabu, ƙanenta na raka ta. In akwai tsofaffin littattafan shirin TOEFL a gidanka, ka ba duk wanda zai zo gida ya riƙo mana.

Inna na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran hoton autanka. A gaida uwargida da kyau.

Naka har kullum,
amininka na Maradi