Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiya, Tahoua

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi.

Abin da ya fidda mu kunya bana shi ne horon kwana uku kan jarabar intanet. Ɗakin da aka ara mana ya cika, sai da muka ɗauko benci daga makarantar da ke maƙwabtaka. Likitan ƙwaƙwalwar da ya zo daga Yamai ya fara ne da gyara mana tunani, ya ce yawan awoyi a kan waya kaɗai ba ya sa a ce mutum ya kamu. Abin da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa cikin kundin cututtukanta, CIM-11, da ya fara aiki a 2022, shi ne jarabar wasannin bidiyo da ta caca. Ana duba ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture karatu da aiki da barci, ko kuma yana ganin ɓarnar amma bai fasa ba, galibi har tsawon wata 12.

Rana ta biyu aka yi kwaikwayo. Wani malamin makaranta ya fito a uba, ya fizge wayar ya cusa a aljihun riga, majo ɗinmu, wato ma'aikacin jinya, kuma ya zama yaron, ya kumbura baki ya ƙi cin tuwo. An sha dariya, amma likita ya ce ƙwace waya gaba ta kan haifa. A tsara lokaci tare da yaron, a kuma tono abin da ke ƙasa, damuwa ce ko kaɗaici. Wata ungozoma ta ce a unguwarsu iyaye maza suna ci-rani a Abijan, su ne ma ke aiko wayoyin, uwa kuwa ba ta san abin da ke ciki ba. Ɗakin ya yi tsit.

Tambayoyi 20 na auna jarabar intanet, na masaniya Kimberly Young, da muka yi alkawarin mayarwa Hausa, rabi kawai aka yi, domin mutum biyu aka bar wa aikin, su ma suna da gadi a asibiti. Rangadin Konni da Madaoua kuwa bai yiwu ba, kuma kada a ɗora wa biro, wato shugabannin ƙungiya, laifi: kuɗin mai daga ina? Zubin kowa jikka ɗaya ce a wata. Wasu tun Babbar Salla nake bin su, in kira su ce "gobe, Malam", alhali kullum ina ganin su a WhatsApp har tsakar dare. Da aka zo rabon takardar shaidar horo kuwa, har waɗanda ban taɓa gani a taro ba sun iso da sababbin riguna.

Littafin zubi yana hannun Hajiya ma'aji. Wanda bai biya ba kafin babban taro, ba shi da ƙuri'a.

Magatakarda