A Sauƙaƙa Samun Takardun Shari'a a Kotunan Karkara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi kira ga manyan alƙalan jihohinmu.

A kotunan karkara da dama, da hannu ake rubuta zaman shari'a a babban littafi. Littattafan nan suna jibge a kabad ko a ƙasan sito, gara na ci, yoyon damina na jiƙawa. Talaka zai bar gonarsa, ya biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma neman kwafin hukuncin rabon gado, sai a ce mai buga takarda ba ya nan, ko babu wuta, ya dawo jibi. Haka zai koma gida hannu rabbana, wa'adin ɗaukaka ƙara kuwa ba ya jiran kowa.

Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da kammala shari'ar. Mutanen ƙauye nawa suka san da haka?

A manna kuɗin kwafi a ƙofar kowace kotu, a riƙa ba da rasit. A kuma adana tsofaffin littattafan a kwamfuta, a fara da na gado da gonaki, domin rigimarsu kan taso ne bayan shaidu sun rasu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka