Wasiƙa Daga Fadarmu ta Maradi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan Maradi sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, da asuba in ka leƙa hanyar Ɗan Isa sai fitilun manyan motoci kawai kake hangowa. Inna tana gaishe ka. Na biya ta gidanku ranar Juma'a, na sami Baba ya samu sauƙin ƙafar nan, har masallaci yake zuwa da kansa.

Na zaɓi in rubuto maka doguwar takarda maimakon saƙon murya, don maganar tana da ɗan nauyi a zuciyata, kuma in na kama faɗarta da baki zan rikice. Tsakanina da Autanku ne. Yau kwana tara rabonsa da fada, kuma ni ne sanadi.

Ka tuna kafin ka tafi, wasanmu a fada bai wuce Free Fire ba. Mutum 50 a jefa su tsibiri daga jirgi, kowa ya nemi bindiga, cikin kamar minti goma a gama, wanda ya rage shi ke da nasara. To bayan tafiyarka wani yaro da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya nuna mana wata hanyar wasa daban. Tsohon GTA San Andreas ne, na 2004, amma wanda masu sha'awar wasan suka gyara ana haɗuwa a cikinsa ta intanet, har a wayar hannu. Sabar da muke shiga, wato dandalin intanet ɗin da ake haɗuwa a yi wasan, ta masu jin Faransanci ce, akwai ƴan Nijar, ƴan Senegal, ƴan Kodebuwa, da waɗanda ke Faransa. A can ba a neman kashe kowa. Kowa yana ƙirƙirar mutum ne, ya ba shi suna da asali da sana'a, ya zauna cikin garin Los Santos a matsayin wannan mutumin. Suna kiran abin erpe. Ni dai tashe nake kiransa, don da na fara gani abin da ya faɗo mini ke nan: lokacin da muke liƙa gemun auduga da azumi, mu sa tsumma, mu duƙa da sanda muna bin gidaje, kuma duk wanda muka tarar ya san wajibinsa ne ya amsa mana kamar tsofaffin gaske.

Wata bakwai ke nan ina direban tasi a garin. Dattijo na yi shi, mai yawan magana, wanda ya bar ƙauye yana tara kuɗin aurar da ƴarsa. Ina tsayawa in jan wuta ta kama, ina ciniki da fasinja, wata rana ɗan sanda ya tare ni kan fitilar mota na yi ta ba shi haƙuri har ya sake ni. Shi ma ɗan sandan wani ne zaune da wayarsa a Dakar. In za ka yi wani motsi da wasan ba ya nunawa, sai ka rubuta /me, ka ce ya ciro goro daga aljihu ya miƙa wa fasinja, kowa da ke kusa ya karanta, ya amsa daidai da haka. In kuma dole ka yi magana da bakinka na gaskiya, misali kuran ya ɗauke ko rezo na yankewa, akwai layin da aka ware don haka, ba a gauraya shi da maganar dattijon. Na san za ka ce wannan wane irin wasa ne. Wallahi daɗinsa ya fi ƙarfin bayani. Dare guda sai ka yi awa biyu ba ka harba ko harsashi ɗaya ba, amma ka tashi da labarin da za ka yi ta juyawa a ranka har gobe.

Dokokin wurin suna da tsauri, kuma duk ƙoƙarin kare wannan labarin suke. Ba ka kashe mutum babu dalili cikin labari. Wannan shi suke kira firikil. Ba ka take mutane da mota don nishaɗi. In aka ɗora maka bindiga a ka, dole ka ji tsoro kamar mai rai guda, ba ka tsaya kana zagi ba. Abin da ka ji a Discord, manhajar da ƴan wasa ke hira a cikinta, ko a bakin wanda ke zaune kusa da kai a tabarma, mutuminka na cikin gari bai ji shi ba, don haka ba ya aiki da shi. In kuma aka kashe ka, ka farfaɗo a asibiti, ka manta wanda ya yi maka, ba ka komawa ramuwa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni wuya da farko, don zuciya ba ta son mantuwa.

Auta ya daɗe yana leƙen wayata yana tambaya. Ba a shiga sabar sai wani ya tsaya maka, ni na tsaya masa. Kuskurena na farko ke nan, ba tsayawar ba, a'a, yadda na yi ta. Na tura masa dokokin, shafi ne mai tsawo da Faransanci mai wuya, na ce ya karanta. Ban zauna da shi ko sau ɗaya na nuna masa ba.

Daren da abin ya faru, ana ɗaurin auren wasu mutum biyu ne a cikin garin. Sati biyu ana shiri. An yi katin gayyata, an jera motoci, wata yarinya daga Abijan ta rubuta jawabin da uwar amarya za ta yi, ni kuma aka ba dattijona aikin ɗauko baƙi. Mun kai mu ashirin a tsaye a bakin teku. Ana cikin jawabin sai ga babbar mota ta taho da gudu ta bi ta kan mutane. Ta juya ta sake bi. Direban ya sauko da bindiga ya ƙarasa waɗanda suka rage. Kafin in karanta sunan da ke kansa, na ji dariyar a kunnena na hagu, a kan tabarmar da nake zaune. Auta ne, ya miƙe da waya a hannu yana ihun Booyah, kirarin cin nasara a Free Fire, fuskarsa cike da murna, yana jiran mu yaba masa.

Minti biyar ba a yi ba admin, mai kula da sabar, ya kore shi daga ciki, ni kuma aka rubuta mini gargaɗi. Yarinyar nan ta Abijan ta fita ba ta ce uffan ba. Sai na juya kansa. Aminina, na faɗa masa maganganun da ba su dace ba, a gaban yaran fada duka. Na ce masa baƙauye, na ce kansa babu komai sai harbi, na ce ya zubar mini da mutunci a gaban baƙi. Mai dafa shayi ya miƙo masa kofi na biyu, bai karɓa ba. Ya ce, “Yaya, ai wasa ne.” Ya sa takalmansa ya tafi.

Wannan kalma tasa ita ta hana ni barci. Ai wasa ne. Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya nake da ita, sai dai ba wasa ɗaya muke nufi ba. Shekara nawa yaron nan yana wasan da duk abin da ya motsa a gabanka abokin gaba ne, wanda ya fi kisa shi ne gwani? Ya shigo ya ga mutum ashirin a tsaye wuri ɗaya babu mai riƙe da makami. A idonsa wannan ganima ce. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuma da na kawo shi ban riƙe masa sanda ba.

Na shiga bincike don in san ko mu kaɗai ne, sai na tarar rigimar ta girme mu. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Bartle, wanda yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro ɗaya daga cikin wasannin farko na irin wannan haɗuwa a jami'ar Essex wajen 1978, ya yi rubutu a 1996 ya kasa ƴan wasa gida huɗu: masu neman ci gaba da tara maki, masu yawon gano lungu da saƙo, masu zuwa don hira da mutane, da masu jin daɗin fin ƙarfin wasu. Abin da ya kama ni a maganarsa shi ne, in na ƙarshen nan suka yi yawa, masu hira su ke fara guduwa. Haka kuwa aka gani a Ultima Online da ya fito a 1997. Masu farautar ƴan'uwansu sun addabi kowa, har a 2000 kamfanin ya raba duniyar wasan biyu, Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka, da Felucca inda kowa tasa ta fisshe shi. World of Warcraft ma da ya zo a 2004 ya ware wa masu erpe sabobinsu daban.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na 2006 ne, a World of Warcraft ɗin. Wata ƴar wasa ta rasu, rasuwa ta gaskiya. Abokanta suka shirya taron tunawa da ita a cikin wasan, a wani yanki mai dusar ƙanƙara da ake kira Winterspring, suka sanar, suka roƙi kada a dame su. Suna tsaye a jere sai wata ƙungiya ta afka musu ta kashe su duka, ta ɗauki bidiyon ta watsa. Har yau ana gardama a kai. Masu kare maharan suna cewa sabar ta yaƙi ce, wurin kuma fagen fama ne, ba su karya doka ko ɗaya ba. Haka ne, ba su karya ba. Amma ni a ganina sun yi abin kunya, domin sun sani. An gaya musu, sun karanta, sanin ne ma ya kai su. A nan na ga bambancinsu da Auta. Wanda ya san kana gina abu ya zo ya rushe don ya ga ɓacin ranka daban, wanda bai ma gane gini ne ba daban. Na farkon kora ce maganinsa, ban da tausayi a kai, don na sha ganinsu a garinmu na cikin wasa, suna dawowa da sabon suna duk bayan kwana biyu. Na biyun kuwa zama yake so da bayani. Ni na haɗa su na yi musu hukunci ɗaya.

Kuma tunda ina faɗin gaskiya, mu masu erpe muna da namu halin. Akwai girman kai a cikinmu. Sabon shiga ya yi ɗan kuskure, ya yi magana a layin da bai kamata ba, sai a yi caa a kansa da kalmomin da bai taɓa ji ba, babu mai cewa zo in nuna maka. Mun ɗauki ƴan Free Fire kamar yaran da ba su waye ba, alhali ƙwarewar da Auta ke da ita a can, saurin ido da sanin inda zai ɓuya, ni ko rabinta ban da. Akwai kuma waɗanda in mutuminsu ya sha kashi cikin labari sai su bi mai shi har waya da zagi, sun kasa raba rigar tashe da jikinsu. Laifi tudu ne. Dokar da na fi taƙama da ita, ta cewa abin cikin gari ya tsaya cikin gari, ni na fara taka ta a daren nan, na kwaso fushin Los Santos na juye shi a kan ƙanen aminina a tabarmar Maradi.

Na ga masu erpe a wasu wasannin ma suna shiga fagen da aka yi don yaƙi, su tsaya tsakiyar fama suna jawabi, in an harbe su su ce an ci zarafinsu. Wannan ma ban yarda da shi ba. In ka shiga filin kokowa na Kantu ka tsaya gaban ɗan kokowa, ba za ka yi ƙarar ya kā da kai ba. Mai tashe ma ƙofar gida yake zuwa, inda aka san da zuwansa.

Ga inda aka tsaya. Na rubuta wa admin, na ce laifin nawa ne, yaron bai samu wanda ya koya masa ba. Ya amsa cewa za a iya buɗe masa bayan wata guda, in ya zo da kansa ya amsa tambayoyi kan dokoki, ya kuma ba ango da amarya haƙuri. Na nemi yarinyar Abijan na ba ta haƙuri, ta ce za a sake bikin, amma ita ba za ta sake rubuta jawabin ba. Wannan ya yi mini ciwo, don na san daren da ta ɓata a kansa.

Shi kuwa Auta, na je gidanku sau biyu. Na farko aka ce ya tafi kasuwa, na biyu na hango babur ɗinsa a zaure amma aka ce ba ya nan. Ban matsa ba. Na san kai yake jin maganarka fiye da kowa, shi ya sa nake roƙonka don Allah ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, ya sha isasshe a wurina. Ka gaya masa kawai Yayansa na fada ya san bai kyauta ba, kuma a gaban waɗanda na ci masa fuska nake so in ba shi haƙuri, ba a ɓoye ba. In yana son komawa garin, na riga na yi masa tunanin wuri: ɗan dattijon nan direba, wanda ya biyo mahaifinsa birni, in zaunar da shi a gefena cikin tasi sati guda yana kallon yadda ake yi. In kuma ya ce shi Free Fire ɗinsa ya ishe shi, to ya dawo fada mu buga tare, har yanzu ina da shi a wayata.

Ka gaishe mini da ƴan Nijar da ke wurinku. Kilishin da ka ce in aiko, na ba mai tafiya Yamai ranar Lahadi, zai miƙa wa wanda ka faɗa. In kun yi magana da Auta ka sanar da ni abin da ya ce, ko da ba mai daɗi ba ne.

Naka har kullum,
abokinka na fada.