Zuwa ga 'yan ƙungiya: bayan jana'izar Baba, da maganar kaset da littafinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayye da ƙanne, na Manchesta, na Landan, na Bamingham, da waɗanda neman abinci ya wurga can arewa, da ku da kuke bin mu daga gida.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kowa dai ya ji, Baba ya riga mu gidan gaskiya daren Talata, aka yi masa sutura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Allah ya jiƙansa, ya sa kwanciya hutawa ce, ya ba Hajiya da yaran haƙurin rashi. Tun Asabar Sakatare yake bi na da waya wai in rubuta, ni kuma na ce a bari zuciyata ta ɗan huce tukuna kar in faɗi abinda zan zo ina neman afuwa, toh yau kwana shida bata huce ba, dan haka ku yi haƙuri da abinda za ku karanta.

Ranar Juma'ar nan mu 'yan gari ba mu cika sahu ɗaya ba. Sahu ɗaya fa. Waɗanda suka cika wajen dattawan Fakistan ne da na Bangaladash daga Haslingden, wasu da sanda, wani ma a keken marasa lafiya jikansa ke tura shi, mutanen da suka yi aikin dare da Baba a masaƙa shekara hamsin da suka wuce. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ta tsaya bakin ƙofar maƙabarta cikin yayyafi da lema har aka gama rufewa, na je na gaishe ta, ta ce min mahaifiyarta ce ta koya wa Baba ɗaura zare in ya tsinke a inji. Wallahi kunya ce ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Daga Manchesta zuwa Rawtenstall, garin da aka yi jana'izar, a mota bai kai awa ɗaya ba, bas ma akwai kai tsaye daga tsakiyar gari. Wanda yake bakin aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi bai samu canji ba mun san uzurinsa, ba da shi nake ba. Da wanda ya saka hotonsa a status da yammar ranar a wajen cin abinci nake.

Sai maganar kuɗi. Ma'aji ya buɗe asusu ranar Laraba abin da ke ciki bai isa kuɗin kabari da na motar gawa ba, sai da mutum uku suka ranta mana daga aljihunsu, ɗaya daga ciki ɗaliba ce, ɗaliba! Kuɗin ƙungiya fam 10 ne a wata, mu muka yanka da bakinmu a taro, babu wanda ya tilasta wa wani. Akwai masu bashin shekara biyu, akwai wanda tun ranar da ya cike fom ba a sake ganin alat ɗinsa ba, kuma abin mamaki cikinsu ne aka samu masu dogon saƙon murya a guruf wai abin kunya ne a binne dattijo irin Baba a ƙasar Turawa, dole a ɗauke shi a kai shi gida. Da wane kuɗin? Kuma wa ya tambaye ku? Baba ya faɗa a gaban Malam da Hajiya da ni, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, cewa inda ya faɗi nan za a rufe shi, ƙasa duk ta Allah ce, kar a wahalar da gawarsa da jiran takardun fita da akwatin ƙarfe. Da kuna zuwa gaishe shi da kun ji da kunnenku.

Kuma da kun san me ya haɗa shi da wannan kwarin da Rawtenstall take ciki. Yawancinku kun zo ne ta jirgin sama kuka sauka kuka tarar da naman halal a kowane lungu, kuna ganin Baba tsoho ne kawai mai yawan surutu a ƙarshen taro. Bari in tuna muku kaɗan. Lokacin Sardauna gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na nan Rawtenstall aka kafa masaƙar Kaduna, KTL ta Kakuri, ta fara aiki a 1957. Ta wannan hanyar Baba ya zo koyon gyaran injin saƙa, saurayi, ya hau jirgin ruwa Aureol daga Apapa kusan sati biyu a kan teku ya sauka Libaful a ƙarshen 1962, ya faɗa cikin sanyin da har yau tsofaffin Turawa suke ba da labarinsa, wanda dusar ƙanƙara ta fara washegarin Kirsimeti bata saki ƙasar ba sai watan Maris na 1963. Ya ce ɗakin da aka ba shi mitar gas ɗin sule take ci, in sulen ya ƙare wuta ta mutu sai ka kwana da kwat da takalmi, bayan gida kuma yana can ƙarshen tsakar gida a waje, ya bar ruwa a buta da dare ya tashi alwalar asuba ya tarar ya zama dutse. Tsohuwar da yake haya a gidanta da ta ga yana dungura goshi a ƙasa da duhun asuba ta zaci ciwo ne ya kayar da shi, ta ruga ta taso maƙwabta. Duk sanda ya zo nan a labarin sai ya yi dariya har da tari.

Abin da yake ba shi mamaki har ya tsufa shi ne auduga. Yana cewa shi ɗan manomin auduga ne, yana yaro ya bi jakai an kai ta kasuwar awo, daga nan a wuce da ita gidan gurza na BCGA a Funtuwa, kamfanin da aka kafa a Manchesta tun 1902 dan masaƙun Lankasha su samu audugar da za su ci, a ɗaure ta dila-dila a sa a jirgin ƙasa, shi bai taɓa tambayar ina take zuwa ba, sai ga shi ya biyo sawunta har inda ake saƙa ta. Ya ce ƙarar injina a ɗakin saƙa ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba, dan haka matan wajen da leɓe suke hira, daga wannan bango zuwa wancan, gulma ce ake yi tsaf babu sauti, kuma da ya iya karanta leɓen ne ya gane rabin gulmar a kansa ake yi. Kunnensa na hagu da muke ɗaga murya in za mu yi masa magana, can ya baro shi.

Ya koma Kakuri ya yi aiki, ya sake dawowa, sauran kun sani. A gabansa aka daina jirgin fasinja zuwa Rawtenstall a 1972, a gabansa masu sha'awar tsofaffin jirage suka dawo da shi a 1991, mai kwal mai hayaƙi, daga Bury ta Ramsbottom. A gabansa masaƙun kwarin da masana'antun silifas suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka rushe, Ilex Mill aka mayar da ita gidajen kwana. Da labari ya zo a 2002 cewa KTL ma ta tsaya, Hajiya ta ce ranar bai ci abincin dare ba, ya ce an rufe masa gida biyu. Wanda ya taɓa raka shi yawo ya san ba a wuce Bank Street ba a shiga Fitzpatrick's ba, shagon nan da yake tun 1890 wanda ba a taɓa sayar da giya a cikinsa ba, masu yaƙi da shan giya na wancan zamanin ne suka bar shi, sai jiƙe-jiƙen saiwoyi masu zaƙi. Baba yana cewa nan ne kaɗai wajen zaman Turawa da ya shiga a 1963 bai ji yana waige-waige ba, wai tsimi ne na Turawa. Shi ya koya min cewa ba yadda ake rubuta sunayen nan ake faɗarsu ba, Rotinstol ake cewa, Bacup kuma Bekaf, in ka faɗa yadda aka rubuta direban bas zai gane baƙo ne kai. Shi ya hau da mu tudun Holcombe wajen hasumiyar Peel ta 1852, yana haki yana nuna mana Manchesta daga nesa yana cewa da can hayaƙi ba ya barin ka hango komai. A kasuwar Bury kuwa ya ja hannuna daga gaban wani tebur ya ce kar in kuskura, baƙin abin nan da suke alfahari da shi jinin alade ne. Nama ma a farkon zuwansa sai ya tara kuɗin mota ya je Cheetham Hill wajen mahautan Yahudawa, in babu kuwa ƙwai da kifi da dankali, wata da watanni.

Toh ga inda nake so in zo. Duk wannan da na rubuta ɗan abin da ya maƙale a kaina ne, ni ma mantuwa nake. Baba ya san haka shi ya sa ya zauna da rikoda ya ɗauki muryarsa a kaset, gari-gari, titi-titi, wane gida aka fara jam'i a falonsa kafin a samu masallaci, wane sati ne masaƙu suke rufewa gari ya watse zuwa bakin teku a Blackpool, su wa da wa cikin mutanenmu suka zo suka koma, su wa aka binne a nan kuma a ina. Kaset goma sha ɗaya ne, ni na ƙirga su da hannuna a cikin gwangwanin biskit. Shekara biyu kenan wani daga cikinmu ya karɓe su a gaban jama'a ya ce zai mayar da su cikin waya a raba wa kowa, muka yi masa tafi. Baba ya tambaya har ya gaji, zuwana na ƙarshe asibiti ma sai da ya ce min "yaron nan ya kawo kaset ɗin kuwa?" na ce masa yana hanya. Ƙarya na yi wa mara lafiya dan in rufa maka asiri, kuma kai ka san kanka.

Bai tsaya nan ba. Ranar zaman makoki ɗakin Baba a buɗe yake ana shiga sallah. Da dare Hajiya ta duba, littafinsa mai baƙin bango wanda ya rubuta rabi da ajami rabi da boko babu, tsohuwar ƙoshiyar saƙa ta katako da take kan talabijin, wadda ya fito da ita daga masaƙa ranar da aka sallame su, ita ma babu. Ban ce sata ba, ina kyautata zaton wani ne ya ga kamar zai adana, amma kayan marayu ne, magada ne da su, ba a ɗauka dan ƙauna. Matar tana cikin takaba tana kuka a kan katako, haba jama'a. Mu da muke cewa mu 'yan gari ɗaya ne, unguwa ɗaya, wasunmu ma kaka ɗaya, in aka tashi rabon muƙami kowa ya san hanyar taro, an kasu gida biyu ana buɗe wani guruf a bayan wani guruf, waɗancan ba sa zuwa sunan waɗannan, yaranmu da aka haifa a nan suna kallo, kuma su ne gobe za su tambaya wa ya fara zuwa ƙasar nan cikinmu, a ina ya zauna, mu ce musu akwai kaset amma yana gidan wani a cikin but ɗin mota. Ni ba na jin haushin wanda ba shi da shi, wanda takardunsa suka maƙale ko aiki ya tsaya ya same ni a gefe mu yi magana, an sha yi kuma babu wanda ya ji. Wanda yake da shi ya hana, sannan ya fi kowa baki, shi ne ya ƙona min rai.

Sauran abubuwa a taƙaice. Addu'ar bakwai an yi, Allah ya saka wa matan da suka yi girki. Masu bashin wata-wata Ma'aji zai tura wa kowa nasa a ɓoye, zuwa ƙarshen wata, bayan nan za a karanta a taro. Waɗanda suka ranta za a fara biyansu, ɗalibar ce farko. Kuɗin rijiyar makarantar gida yana nan ba a taɓa ba, kuma ba za a taɓa ba. Ajin Hausa na yara ya koma Lahadi bayan azahar. Zaɓe an ɗaga sai bayan arba'in. Barka ga gidan da aka samu ƙaruwa a Bolton, Allah ya raya.

Kaset da littafi da ƙoshiya kuwa, a kai wa Malam, ko a sa a leda a ajiye a ƙofar Hajiya a danna ƙararrawa a tafi, babu wanda zai tambayi kowa komai. Na ba da zuwa Juma'a mai zuwa. In Juma'a ta wuce, na kaset dai a gaban mutane ya karɓa, zan kira sunansa a guruf. Yaran Baba sun ce in an samu suna so a kunna na farko ranar arba'in a gidan, rikodar tana nan tana aiki, batir kawai za a saya.

Wassalam.
Shugaba, a madadin kwamiti