A Ƙarasa Gyaran Littafin Jagorar Fortran Kan Tarbar Sigina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili in yi magana kan abin da ba kasafai ake kawowa a jarida ba, amma ya shafi ƙannenmu masu karatun injiniya da kimiyya a Sudan da Nijeriya da Nijar.

Ina zaune a Kassala, gabashin Sudan. Aikina lissafin ruwan kogin Gash, wanda yake bushe mafi yawan shekara, sai da damina ya taso daga tsaunukan Eritiriya ya ratsa garinmu. Manhajojin da muke wannan lissafi da su, da yaren Fortran aka rubuta su. Tsohon yare ne, John Backus da abokan aikinsa na IBM suka fitar da shi a 1957, amma har yau manyan manhajojin hasashen yanayi irin su WRF a kansa suke tsaye. Mafassarin da muke amfani da shi, wato manhajar da ke mayar da rubutunmu zuwa abin da inji yake ganewa, shi ne gfortran, na kyauta, wanda yake cikin GCC, tarin mafassaran ƙungiyar manhajojin kyauta ta GNU, tun 2005.

Lissafi ɗaya kan kwana yana gudana. Wutar lantarki kuwa tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ba abar dogaro ba ce, balle yanzu. Idan aka ɗauke wuta, batirin ajiya ya kusa ƙarewa, kwamfuta ta shiga rufe kanta, Linux yakan aika wa kowace manhaja sigina mai lamba 15, SIGTERM, cewa ta tattara kayanta. In ta yi nawa sai lamba 9 ta biyo baya, SIGKILL, wadda babu mai iya tare ta. A galibin Linux na yanzu daƙiƙa 90 ne tsakaninsu, a manyan kwamfutocin da manhajar Slurm ke raba wa aiki kuma 30, sai in an sauya. Cikin wannan ɗan tsakani ne manhaja za ta adana inda ta tsaya, ko aikin dare ya tafi a banza.

Don haka gfortran yana da umarnin SIGNAL: ka ba shi lambar sigina da sunan ƙaramin shirin da zai tarbe ta. Shekara da shekaru littafin jagorarsa yana cewa za a kira wannan mai tarba da lamba guda, shi ke nan. Misalin da littafin ya kawo a ƙasan bayanin ya nuna yadda ake kiran SIGNAL, bai nuna yadda ake rubuta mai tarbar ba, alhali nan ne ramin yake. A al'adar Fortran ba a miƙa wa shiri lamba, adireshin inda aka ajiye ta ake miƙa masa. Tsarin kwamfuta kuwa a kan al'adar yaren C yake, lambar kanta yake miƙawa. Sai a ba mai tarba 15, shi kuma ya ɗauka lambar gida ce, ya tafi ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta nan. Nan take manhaja ta faɗi da SIGSEGV, siginar da ke zuwa idan ta taɓa adireshin da ba ta da izini a kai. Wani yaro mai ƙwazo da ke koyon aiki a hannuna ya bi littafin kalma da kalma, ya zo mini ransa a ɓace yana cewa, "Ustaz, abin da na rubuta don ya ceci aikin shi ne ya kashe shi." Maganin kalma ɗaya ce, VALUE, wadda ta shigo yaren tun ƙa'idar Fortran 2003, amma ina zai gan ta?

Dole in yaba wa masu kula da GCC, waɗanda da yawansu sa-kai suke yi. Bugun littafin na baya-bayan nan ya faɗi a fili cewa lambar kanta ake miƙawa, ya kuma kawo mai tarba cikakke. Allah Ya saka. Sai dai a nan, inda intanet ke zuwa yana tafiya, mutane da yawa tsohon mafassari da tsohon littafi ke hannunsu, ba su ma san an yi gyara ba.

Kuma gyaran bai ƙare ba. Abin da ya fi damuna shi ne me ya halatta a yi a cikin mai tarba. Sigina ba ta sallama, tana iya faɗowa daidai lokacin da babbar manhaja take tsakiyar rubutu a fayil ko neman gurbi a ma'adana. Idan mai tarba shi ma ya ce zai yi PRINT ko WRITE, sai su haɗu a kan abu ɗaya: ko manhaja ta daskare, ko fayil ya lalace. Abin takaici, a gwaji yakan yi aiki lafiya lau, sai ranar da ake buƙatarsa ya ci amana. Ƙa'idar POSIX, wadda ta shafi tsare-tsaren kwamfuta irin su Linux, tana da jerin ayyukan da ke da aminci a wannan hali, kuma ko printf na C ba ya ciki. Hanyar da masu sana'ar suka sani ita ce mai tarba ya ɗaga tuta kawai, wato ya sauya lamba guda da aka sa wa VOLATILE, kalmar da ke gaya wa mafassari cewa lambar na iya sauyawa daga waje, ya fita. Babbar manhaja ta riƙa duba tutar a ƙarshen kowane zagaye, ta adana aikinta a natse. Wannan ya kamata ya zama misalin da ke cikin littafin, da gargaɗi a kansa, domin ɗalibi abin da ya gani yake kwafa.

Lambobin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina: SIGUSR1 lamba 10 ce a Linux na kwamfutocinmu, amma 30 ce a macOS, Fortran kuma ba shi da sunayensu a shirye kamar C. Ɗan jadawali zai wadatar. Haka nan SIGNAL ƙari ne na GNU, ba ya cikin ƙa'idar yaren, don haka ya dace a nuna wa mai karatu hanyar ISO_C_BINDING, wadda ƙa'idar ta tanada don haɗa Fortran da C, in yana son rubutunsa ya yi aiki a wani mafassarin.

Malam Edita, kirana ga malaman jami'o'inmu ne. Rubutun wannan littafi a buɗe yake, yana cikin fayil mai suna intrinsic.texi, kuma gyara shi ba ya buƙatar sanin cikin mafassari, sai Turanci mai tsabta da misalin da aka gwada. A ba ɗaliban shekarar ƙarshe irin wannan aiki: su gwada misalan littafin ɗaya bayan ɗaya, su rubuta inda ya gaza, su aika wa masu kula da GCC gyaran. Ni na fara da misalin tuta, ina gwada shi a kan manhajar Gash kafin in tura.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Kassala, Sudan.